Yadda ake lissafin nisa da awannin tafiyar jirgin sama tsakanin filin jirgi biyu, musamman ga wanda zai tashi daga Zariya

Mu a nan Zariya muna da filin jirgi, ga shi nan a Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da ke Palladan wadda aka kafa tun 1964, kullum ƙananan jiragen ɗalibai na shawagi a kanmu, amma ba nan ake zuwa a hau jirgin fasinja ba. Duk wanda zai tashi sai ya nufi Kano ko Kaduna ko Abuja. Shi ya sa idan mutum ya ce min "ai Legas awa ɗaya da rabi ce a jirgi" sai in ce haka ne, amma ga jirgin, ba gare ka ba. Kai lissafinka daga ƙofar gidanku yake farawa. Aikina ya sa ina yawan yi wa mutane wannan lissafin, masu Umara, 'yan kasuwa, ɗaliban ABU masu tafiya karatu waje, to bari in shimfiɗa shi yadda kowa zai iya yi da kansa.

Kayan da za ka tanada

Waya mai data, ko kaɗan ce ta isa. Biro da takarda, kar ka ce za ka riƙe a ka, lambobin suna da yawa kuma cakuɗewa suke. Kalkuletar wayarka. Tikitinka idan ka riga ka saya, in ba ka saya ba to jadawalin da ejan ya turo maka ko wanda ka gani a shafin kamfanin. Sai shafuka biyu da nake amfani da su, Great Circle Mapper don nisa, da Flightradar24 ko FlightAware don ganin awannin da jirgin ya ci a zahiri. In babu su Google Maps ma yana yi, in babu data gaba ɗaya akwai hanyar hannu, zan kawo ta a ƙasa.

1. Nemo lambar kowane fili

Kowane filin jirgi yana da haruffa uku da aka san shi da su a duniya, su ne za ka gani a tikiti da kuma takardar da ake liƙa wa jakarka. Kano KAN, Kaduna KAD, Abuja ABV, Legas LOS, Jidda JED, Madina MED. Ka duba KAN da KAD da kyau, harafi ɗaya ne ya raba su, kuma a ƙaramin allon waya da rana ta haske shi wallahi ba kowa ke lura ba, an sha yin wanda ya yi shirin Kano alhali tikitinsa na Kaduna ne.

Sannan kar ka rubuta sunan gari kawai idan garin yana da fili fiye da ɗaya. Landan akwai LHR akwai LGW, Istanbul akwai IST akwai SAW, ɗaya a ɓangaren Turai ɗaya a ɓangaren Asiya. Nisan jirgin ba zai canza sosai ba amma wanda zai ɗauke ka zai sha wuya in ya je wanda ba shi ba. Akwai kuma wasu lambobin masu haruffa huɗu irin DNKN na Kano da DNAA na Abuja, waɗannan na matuƙa ne da masu kula da zirga-zirgar jirage, in ka gan su kar su ruɗa ka, fili ɗaya ne.

2. Samo nisan

Buɗe Great Circle Mapper, a akwatin nema ka rubuta lambobin biyu da ɗan karan tsakani, kamar KAN-JED. Zai zana maka layi ya ba ka lamba. To a nan ake yawan faɗawa rami, domin lambar farko da zai nuna da mil take ba kilomita ba. Mil iri biyu ne kuma, na ƙasa kilomita 1.609 ne, na teku da sama wanda matuƙa ke amfani da shi kilomita 1.852 ne. Ka duba haruffan da ke gefen lambar, mi na ƙasa ne, nm na matuƙa ne, km kuma kilomita, ka canza shi zuwa km kafin ka rubuta komai a takarda.

Ga waɗanda na fi yawan buƙata, a dunƙule: Kano zuwa Abuja wajen kilomita 365, Abuja zuwa Legas wajen 510, Kaduna zuwa Legas wajen 635, Kano zuwa Legas wajen 835, Kano zuwa Jidda wajen 3,400, Abuja zuwa Landan wajen 4,800.

Idan Google Maps za ka yi amfani da shi, ka danna yatsa a kan filin farko ka riƙe har alama ta fito, ka zaɓi wajen auna nisa, ka ja zuwa fili na biyu. Kar ka danna neman hanya, wannan nisan titi zai ba ka da duk kwane-kwanensa, ba shi muke nema ba.

Za ka lura a tafiya mai nisa layin yana fitowa a lanƙwashe, ba kuskure ba ne. Ɗauki kankana ka ja zare tsakanin wuri biyu a jikinta ka ɗaure shi tam, wannan ita ce hanya mafi gajarta a kan abu mai zagaye, in aka baje ta a kan shimfiɗaɗɗiyar taswira sai ta zama kamar baka. Iya abin da kake buƙatar sani ke nan a wannan ɓangaren.

In babu data kuma kana da lambobin matsayin filayen a rubuce, to yi haka. Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa kilomita 111 ne kusan ko'ina a duniya, daga gabas zuwa yamma kuma a nan yankinmu ka ɗauka 110. Filin Kano yana 12.05 arewa, 8.52 gabas, na Legas yana 6.58 arewa, 3.32 gabas. Bambancin arewa 5.47, sau 111 ya ba ka wajen 607. Bambancin gabas 5.20, sau 110 ya ba ka 572. Ninka kowanne da kansa, ka haɗa su, ka danna alamar tushe (√) a kalkuleta, za ka ga 834. Ka ga kusan daidai da na intanet. Amma fa wannan dabarar a cikin Najeriya da maƙwabta take aiki, kar ka gwada ta a kan Landan ko Guangzhou, tana nisa da kai tana ƙarya, saboda digirin gabas da yamma yana tsukewa idan ana matsawa arewa.

3. Mayar da nisan zuwa awanni

Manyan jiragen fasinja idan sun daidaita a sama suna gudun kilomita 800 zuwa 900 a awa. Ni 800 nake ɗauka, in raba nisan da shi, sannan in ƙara minti 30 na tafiyar ƙasa a kan titin jirgi da hawa da sauka, domin jirgi ba ya tashi da cikakken gudunsa kuma ba ya sauka da shi.

Kano zuwa Legas: 835 raba 800 ya ba ka 1.04, wato awa ɗaya da 'yan mintoci, ƙara 30, awa ɗaya da minti 35 ke nan a taƙaice. Kano zuwa Jidda: 3,400 raba 800 ya ba ka 4.25, ƙara rabin awa, awa 4 da minti 45. Abuja zuwa Landan: 4,800 raba 800 shida cif, da rabin awa, 6 da rabi.

Dan Allah a kula da wannan 4.25 ɗin. Ba awa 4 da minti 25 ba ne, awa 4 da kwata ne, minti 15. Abin da ke bayan ɗigo sai ka ninka shi da 60 kafin ya zama minti. 0.25 sau 60 15 ne, 0.5 30 ne, 0.75 45 ne. Har masu digiri na ga suna tuntuɓe a nan.

A gajeriyar tafiya irin Kano zuwa Abuja lissafin zai ba ka kusan awa ɗaya, amma zamanka a sama ba zai kai haka ba, ana gama hawa ba da jimawa ba za ka ji an ce a ɗaura bel za a fara sauka. Idan kuma jirgin mai farfela ne, wasu kamfanonin cikin gida suna da su, to ka raba da 500 maimakon 800. Na ɗaliban kwaleji da muke gani a saman Samaru su kam yawancinsu ba sa ma kaiwa 300, kar ka auna da su.

4. Gwada lissafinka da abin da ya faru a zahiri

Wannan matakin shi ne ya fi muhimmanci a wurina kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Lissafin da ka yi na layi miƙaƙƙe ne, jirgi kuma ba ya bin layi miƙaƙƙe kullum, yana da hanyoyinsa da aka tsara a sama, kuma akwai ƙasashen da ba a ratsawa ta samansu. Duba taswira ka ga layin Kano zuwa Jidda, ta Chadi yake bi ya ratsa Sudan ya tsallaka Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jiragen alhazanmu na wannan shekarar sai da suka yi zagaye, tafiyar ta ƙaru da awanni har kuɗin jigila ya tashi. A shekarar dai Nijar ma ta rufe nata na wani lokaci bayan juyin mulki, jiragen da ke zuwa Turai daga nan suka koma kewayawa. To wanda ya riƙe "Jidda awa huɗu da wani abu ce" tun daga tafiyarsa ta shekarun baya yana iya shan mamaki.

Maganin abin shi ne ka ɗauki lambar jirginka da ke kan tikiti, haruffa biyu (ko harafi da lamba) da lambobi, ka sa a Flightradar24 ko FlightAware, zai nuna maka tashin kwanakin baya, ƙarfe nawa aka tsara ya tashi, ƙarfe nawa ya tashi da gaske, awa nawa ya yi a sama, har da hanyar da ya bi. Kalli kwana biyar ko bakwai ba ɗaya ba. In ka ga jirgin da aka rubuta ƙarfe 4 na yamma kullum sai bayan magariba yake tashi, to ka san halinsa ke nan, kuma kar ka haɗa shi da wani jirgin da za ka kama a gaba. A jiragen cikin gida na farko da safe ya fi riƙe lokaci, domin jirgi ɗaya ne ke zagaye garuruwa da yawa a yini, jinkirin safe yana taruwa ya faɗo kan fasinjan yamma.

Iska ma tana da nata. A can sama a wasu yankuna akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa zuwa Amurka daga nan ya fi dawowa tsawo, wani lokaci da awa guda ko fiye. In ka ga zuwa da dawowa ba su zo daidai ba a tikiti, ba ejan ne ya yi kuskure ba.

5. Gyara bambancin agogo

Duk lokacin da ke kan tikiti agogon garin da abin ya faru ne. Lokacin tashi agogon inda ka tashi, lokacin sauka agogon inda ka sauka. Saudiyya tana gabanmu da awa 2, haka Habasha da Turkiyya, Dubai awa 3, Sin awa 7, Indiya awa 4 da rabi. Ingila da bazararsu agogonmu ɗaya, da hunturu muna gabansu da awa ɗaya, su suna canzawa mu ba ma canzawa. Masar ma tana canza nata, ka duba a waya kafin ka lissafa.

Misali tikiti ya ce tashi Kano 14:00, sauka Jidda 20:45. Mai gaggawa zai ce awa 6 da minti 45. A'a. Mayar da na saukar zuwa agogon Najeriya, cire awa 2, ya zama 18:45, tafiyar awa 4 da minti 45 ce. A dawowa kuma juyawa ake, in ya ce tashi Jidda 10:00, sauka Kano 12:50, ba awa 2 da minti 50 ba ce, agogon Jidda a lokacin 14:50 yake, awa 4 da minti 50. Dokar da nake bi ɗaya ce, in mayar da komai agogon gida a takarda, in gama lissafi, sannan in rubuta na can a gefe.

Abu biyu kuma a nan. In ka ga +1 a gefen lokacin sauka yana nufin washegari. Sai wanda ya fi cin mutane, jirgin tsakar dare. Tikiti ya ce Talata 00:40, wannan daren Litinin ne wayewar Talata, bayan isha'in Litinin ya kamata kana filin jirgi. Wanda ya tashi daga Zariya da la'asar ɗin Talata ya tarar jirginsa ya sauka can tun da safe. Idan dattijo ne zai yi tafiyar kar ka karanta masa lambobi, ce masa "Baba daren Litinin ne, bayan isha'i kuna fili", shi ke nan.

6. In akwai yada zango

Tafiyar da ba kai tsaye ba ana lissafa ta gaɓa-gaɓa. Kano zuwa Alƙahira wajen kilomita 3,100 ne, Alƙahira zuwa Jidda wajen 1,200, jimla 4,300 maimakon 3,400, kuma kowace gaɓa da nata minti 30 ɗin. Sai ka ƙara zaman jira, wanda shi ba ya buƙatar gyaran agogo tunda sauka da tashin a gari ɗaya suke, cirewa kawai za ka yi.

Zangon da bai kai awa biyu ba ni ba na ba baƙon tafiya shawarar ɗaukarsa, ballantana tsoho ko mai yara. Idan kuma tikiti biyu ne daban-daban, misali ka sayi Kano zuwa Legas a wani kamfani, Legas zuwa waje a wani, to babu ruwan na biyun da jinkirin na farkon, kuma sai ka karɓi kayanka ka fita daga ɓangaren cikin gida ka nemi mota zuwa ɓangaren ƙasa da ƙasa, ba gini ɗaya ba ne. Irin wannan ka bar aƙalla awa biyar ko shida tsakani, ko ma ka kwana.

7. Lissafa da baya-baya zuwa ƙofar gida

Yanzu ne aka zo wurinmu. Rubuta lokacin tashi a saman takarda ka riƙa cirewa kana gangarowa. A ce jirgin Kano zuwa Legas ne na 11:00 na safe. Na cikin gida ka kasance a fili awa biyu kafin tashi, na waje awa uku, saboda kanta tana rufewa tun jirgi bai tashi ba kuma layin awon kaya ba shi da tabbas. To 9:00 kana fili. Daga Na'ibawa ka ratsa cikin Kano zuwa filin Malam Aminu Kano, ba shi minti 45 saboda cunkoson safe, 8:15 ke nan. Zariya zuwa Kano kilomita 150 da ɗoriya ne, awa biyu idan hanya ta yi kyau, ni biyu da rabi nake rubutawa saboda shingen bincike da tsayuwar shan mai da kasuwar gefen titi a wajen Kwanar Dangora ko Kura, 5:45 ke nan. Idan motar haya ce daga Kwangila ƙara jiran cikar mota, wanda kowa ya san ba a yi masa alƙawari, kana zaune direba na cewa saura mutum ɗaya har rana ta fito. Ka ga ana sallame asuba ya kamata jakarka tana bakin ƙofa.

Can kuma ka sauka wajen 12:35, jiran kaya rabin awa, gosulon Legas awa ɗaya ko biyu, sai ka ga ƙarfe biyu da rabi ko uku kake shiga masauki. Awa tara ke nan a tafiyar da aka ce awa ɗaya da rabi ce. Har yanzu ta fi kwana a mota nesa ba kusa ba, amma wannan lambar ce za ka faɗa wa wanda kuka yi alƙawarin haɗuwa da shi.

Irin wannan lissafin ne zai nuna maka inda jirgi ba shi da amfani. Mutum yana Zariya zai je Abuja, in ya ce sai ya koma Kano ya hau jirgi, awa uku a hanya, biyu a fili, ɗaya a sama, ɗaya daga filin Abuja zuwa cikin gari, bakwai ke nan, alhali mota daga nan ko mota zuwa Rigasa a hau jirgin ƙasa ba kasafai suke kaiwa haka ba. Kaduna ta fi kusa da mu, wajen kilomita 80 zuwa gari sannan a bi ta Kawo da Mando zuwa filin, sai dai jiragenta ba su kai na Kano da Abuja yawa ba, ka tabbatar akwai tashi a ranar da kake so kafin ka ɗora shiri a kanta. Mai tashi daga Abuja da safe kuwa ni shawarata ya tafi tun jiya ya kwana can, titin Kaduna zuwa Abuja ba wanda ake yi wa lissafin minti ba ne.

Masu Umara su ƙara nasu a ɗaya gefen, layin jami'an shige da fice a Jidda yana iya cin awa ko fiye a lokacin cunkoso irin Ramadan, sannan daga filin zuwa Makka kusan kilomita 100 ne. Wanda ya sauka Madina kuma tsakaninsa da Makka sama da kilomita 400.

8. Duba wata da yanayi

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana rufe filayen arewa, matuƙi ba ya ganin titin sauka yadda doka ta tanada, sai a ɗage tashi ko a soke ko a karkatar da jirgi wani garin. Da damina kuma hadari ne, shi yakan wuce cikin awa ɗaya ko biyu, hazo kuwa yana iya yini. In tafiyarka ta faɗo a wannan lokacin kuma akwai jirgin waje ko jarrabawa ko ganin likita a gaba, ƙara kwana ɗaya cur a lissafin.

Ranar tafiyar kafin ka bar gida buɗe Flightradar24 ka duba ko jirgin da zai zo ya ɗauke ku ya ma taso daga inda yake. Ko da ka ga bai taso ba kar ka zauna a gida sai dai in kamfanin ne da kansa ya turo saƙon canjin lokaci, domin suna iya sauya jirgi su rufe kanta a kan lokacin farko. Sai ka tura wa mai ɗaukarka lambar jirgin da lambar filin da lokacin sauka a agogon garinsu, ka ce masa ya ƙara minti 30 na cikin gida, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi na waje, kafin ya sa ran ganinka a ƙofar fita.